Yadda Ma'aikaciyar Jinya Za Ta Jagoranci Jinyar Sassauci Ga Mai Sankarar Jini Da Ta Yi Nisa

Sankarar jini ba cuta ɗaya ba ce. Akwai lukimiya, wadda take farawa a cikin ɓargo ta cika shi da fararen ƙwayoyin jini marasa amfani har su danne masu lafiya. Akwai limfoma, wadda ta fi bayyana da kumburin kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi ko can cikin ciki. Akwai kuma mayeloma, wadda take cin ƙashi tana raunana ƙoda. Abin da ya haɗa su idan sun yi nisa shi ne gazawar ɓargo, wanda shi ne ke samar wa jiki jini. Jajayen ƙwayoyi sukan yi ƙasa, mutum ya ɗashe ya riƙa haki ko da daga ɗaki zuwa banɗaki ne. Fararen da ke yaƙi da cuta sukan yi ƙasa, ɗan zazzaɓi ya zama abin tsoro. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet, su ma sukan yi ƙasa, haɓo ya ƙi tsayawa.

Jinyar sassauci ita ce kulawar da ake yi domin rage wa mai cuta mai tsanani wahalarsa, ta jiki da ta zuciya da ta iyali da ta addini, ko ana sa ran warkewa ko an cire rai. Matar da ta kafa wannan fanni a zamanance, Cicely Saunders, da aikin jinya ta fara kafin ta zama likita, kuma a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Ba mamaki tushen abin ya fito daga bakin gadon majinyaci, domin likita yakan zagaya ya wuce, amma ma'aikaciyar jinya ce take ganin jinin da ya ɓata matashi da asuba, ita ce kuma uwargida take ja gefe ta tambaya ko a sayar da gona. Zan riƙa cewa "ta" ne domin sauƙin magana kawai, alhali maza da yawa suna wannan aiki.

Lokacin da ya kamata a fara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira har likitan jini ya ce magani ya ƙare kafin a kira masu jinyar sassauci. A wasu cututtukan daji, irin na hanji ko na huhu, jiki yakan riƙa ja baya sannu a hankali har kowa ya ga inda aka dosa. Sankarar jini ba ta da wannan tsari. Mutum yana iya zaune yana hira ranar Litinin, zazzaɓi ya kama shi Laraba, Juma'a a yi jana'izarsa. Wani kuma ya kai bakin kabari, a ƙara masa jini a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tashi ya ƙara watanni. Saboda fatan warkewa yakan daɗe bai yanke ba, masu wannan cuta sun fi sauran masu ciwon daji rasuwa a gadon asibiti, sun kuma fi su makara wajen samun jinyar sassauci.

An gwada fara ta da wuri an ga amfaninta. A wani bincike da Areej El-Jawahri ta jagoranta a asibitoci huɗu na Amurka, wanda aka wallafa a 2021, an raba masu lukimiya mai saurin tsananta su 160 da ke karɓar kemo mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, gida biyu, wasu aka haɗa musu da masu jinyar sassauci suna ganinsu aƙalla sau biyu a mako. Waɗannan sun fi samun kwanciyar hankali da jin daɗin rayuwa, kuma cikin waɗanda suka rasu, an fi jin abin da suke so kafin ajali, an kuma rage ɗura musu kemo a makonninsu na ƙarshe. Tun a 2009 wani binciken na Marie Bakitas, a kan mutane 322 masu wasu nau'o'in ciwon daji, ya nuna cewa ma'aikatan jinya da aka horar za su iya jagorantar wannan aiki, mafi yawa ma ta wayar tarho, kuma ya yi tasiri.

Saboda haka nas ta nemi a shigar da ita tun ranar da aka tabbatar da cuta mai tsanani, ko ranar da cutar ta dawo bayan ta lafa, ko lokacin da tazarar da ke tsakanin ƙarin jini da ƙarin jini ta fara gajarta. Akwai wata tambaya da masu fannin suke yi wa kansu, wato ko zan yi mamaki idan wannan majinyaci ya rasu cikin shekara guda. Idan amsar ita ce a'a, to lokaci ya yi. Ta kuma zauna da likitan jini tun farko su fahimci juna, cewa ba ƙwace masa majinyaci ta zo yi ba, kuma kemo da ƙarin jini za su ci gaba muddin suna da amfani.

Zaman farko

A ƙasar Hausa duk wanda aka ce wa "ya jiki" zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da ƙashin bayansa kamar zai tsage. Wannan ladabi ne da tawakkali, kuma ba a raina shi, amma nas da ta rubuta "da sauƙi" a takarda ta wuce ba ta auna komai ba. Abin da ya dace shi ne ta karɓi gaisuwar yadda take, ta jawo kujera ta zauna daidai tsayin gadon, sannan ta shiga tambayoyin da ba a amsa su da kalma ɗaya. "Baba, jiya da dare sau nawa ciwon ya tashe ka?" "Hajiya, sallar asuba a tsaye kika yi ko a zaune?" Wanda ya ce sati biyu ke nan bai iya sujada ba ya riga ya gaya mata yadda bayansa yake.

Domin auna tsananin ciwo ana amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10, kamar wanda aka tsara a Edmonton ta Kanada a 1991, wanda ke tambayar ciwo da gajiya da tashin zuciya da rashin cin abinci da haki da damuwa. Ga wanda lambobi ke rikita shi, yatsun hannu sun wadatar: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsu biyar ciwon da ya fi ƙarfin dauriya. Ko wanne aka zaɓa, a riƙe shi kullum domin a iya gwama yau da jiya.

Daga nan sai ta duba da idonta. Ta haska cikin baki da tocila ta ga dasashi da harshe da cikin kumatu, ta janye fatar ido ta ƙasa ta ga ko ta ɗashe, ta duba ƙafafu da inda ɗaurin zane ko mazagin wando ke matsewa, domin a nan ƙananan ɗige-ɗigen jini suke fara fitowa, kuma a baƙar fata sai an lura sosai ake ganinsu. Ta tambayi launin fitsari da na bayan gida, a keɓe idan akwai surukai a wurin. Ta nemi a zazzage mata ledar magunguna gaba ɗaya a kan gado, har da na kemis da jiƙe-jiƙen gargajiya, ba tare da ta yi wa kowa faɗa ba, domin wanda aka kunyata sau ɗaya ba zai sake nuna ledar ba. A ƙarshe ta gane mutum biyu a cikin dangi, wanda ke kwana da majinyaci da wanda ke yanke magana, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Ciwo da maganar mofin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin ciwon daji mai hawa uku a 1986, daga farasitamol zuwa magunguna masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin da tiramadol, zuwa mofin. A sankarar jini akwai gyara mai muhimmanci a hawan farko. Asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda kowane kemis yake miƙa wa mai ciwon jiki, suna ƙara haɗarin zubar jini kuma suna iya ƙarasa ƙodar mai mayeloma, don haka a cire su daga ledar. Shi farasitamol ana iya ba da shi, kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, amma yana ɓoye zazzaɓi, saboda haka a auna zafin jiki kafin kowane sha. Allurar da ake yi a tsoka, wadda mutanenmu suka fi yarda da ita a kan ƙwaya, ba ta dace da mai ƙarancin filatilet ba, domin jini yakan taru a wurin ya zama sabon ciwo.

Wannan ya sa ake saurin kaiwa ga mofin na sha. Ga babba wanda bai taɓa shan irinsa ba, akan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk bayan awa huɗu, a kan lokaci, ba tare da jiran ciwo ya dawo ba. Idan ciwo ya taso tsakanin lokutan sha, sai a ƙara kashi ɗaya cikin shida na jimillar abin da yake sha a yini, a rubuta, kuma daga wannan rubutu ne za a san ko a ƙara adadin washegari. Inda doka ba ta ba nas izinin rubuta mofin ba, likita ne zai rubuta, amma ita ce za ta kawo masa lissafin, ita ce kuma za ta koya wa mai jinya jan ruwan maganin da sirinji marar allura har ta ga ya iya a gabanta. Yuganda ta nuna cewa za a iya wuce nan. Anne Merriman, likitar da ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993 tana haɗa mofin na ruwa mai araha daga gari, kuma a 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta bai wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman damar rubuta shi da kansu, abin da ya kai maganin ƙauyukan da likita ba ya zuwa.

Duk wanda aka ɗora a kan mofin sai an haɗa masa da maganin sassauta bayan gida irin su sena tun ranar farko, domin bushewar ciki ba ta tafiya da kanta, kuma yunƙuri ga mai ƙarancin filatilet yana jawo jini. Ba a cusa magani ta dubura ga wanda fararen ƙwayoyinsa suka yi ƙasa. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Idan ƙoda ta raunana mofin yakan taru a jiki, kuma alamarsa ita ce barcin da ya wuce kima da zabura da rikicewar tunani, sai a sanar da likita nan take a rage adadin ko a tsawaita tazara ko a sauya magani.

Za a gamu da tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Mutane sun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Sai nas ta yi bayani da haƙuri cewa mofin da aka auna wa mai ciwo mai tsanani ba shaye-shaye ba ne, ba kuma alamar an yanke ƙauna ba ce, sannan a kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba.

Ciwo iri biyu kuwa ba na ƙara mofin a kwanta ba ne. Mai mayeloma ko limfoma da ciwon baya ya zagaye shi kamar ɗamara, ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ana zargin ƙari ya danne lakarsa, kuma sa'o'i ne tsakaninsa da shanyewar da ba ta dawowa. A kwantar da shi a miƙe, a kira likita domin maganin rage kumburi na deksametazon da maganar gasa ƙarin da hasken na'ura. Wanda kuma ƙishirwa ta dame shi, yana yawan fitsari, cikinsa ya bushe, ya fara sambatu, mai yiwuwa sinadarin kalsiyam ne ya hau a jininsa, kuma ƙarin ruwa da maganin da ya dace sukan dawo da shi hayyacinsa. Ƙashin mai mayeloma yana iya karyewa da ɗan abu kaɗan, don haka a koya wa dangi su juya shi da zanen gado su biyu, kada a finciko shi ta hannu.

Ƙarin jini da zubar jini

A nan ne jinyar sassauci ta mai sankarar jini ta fi bambanta da ta sauran. Ƙarin jini yana cikin maganin sassauci, domin leda ɗaya takan ɗaga ma'aunin jinin babba da kusan giram 1, ta rage masa haki da jiri. Akan yi tunaninsa idan ma'aunin ya sauka zuwa 7 ko 8, amma lamba kaɗai ba ta isa hujja ba. Nas ta rubuta abin da majinyaci yake iya yi kafin ƙarin, ta sake tambaya bayan kwana biyu ko uku: ya iya zuwa banɗaki da ƙafarsa, ya iya zama da baƙi, barcinsa ya gyaru? Idan haka ne, ƙarin ya biya kuɗinsa. Idan kuwa an kai matakin da za a ɗauko shi a mota a yi tafiyar awa uku, a wuni ana neman ɗan'uwan da zai ba da jini a madadin wanda za a ɗauka, a kashe kuɗin gwaji, sannan ya koma gida yadda ya zo ko ma ya fi galabaita, to lokaci ya yi da za a zauna da shi da likita a tattauna tsawaita tazarar ko dainawa. A ganina bai kamata a yanke wannan a bayan idonsa ba, domin ga masu wannan cuta da yawa ranar ƙarin jini ita ce igiyar da suke riƙe da ita, kuma yanke ta ba bayani kamar kora ce. Duk lokacin da aka rataya leda kuwa, nas ta tsaya a kansa minti goma sha biyar na farko, domin a nan ne mummunar rashin jituwa take fara nunawa.

Filatilet a jikin mai lafiya sukan kama daga 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin ɗakin gwaji, kuma idan sun gaza 10,000 jini yana iya ɓallewa ba tare da rauni ba. Ƙara su ya fi ƙarin jajayen ƙwayoyi wahala, domin kusan kwana biyar kawai suke yi a ajiye, ba kowane asibiti ke iya tace su ba, kuma tasirinsu a jiki na 'yan kwanaki ne. Saboda haka rigakafi a gida shi ne babban aiki. A ajiye asuwaki da buroshi mai tauri da tsinken sakace, a koma buroshi mai laushi ko auduga. A daina aski da reza. A gaya wa dangi ɓaro-ɓaro cewa ƙaho da tsaga da sakiya da cire belu da cire haƙori duk suna iya zama ajali ga wannan majinyaci, domin idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa lalle wani zai kawo shawarar a kira wanzami a fitar da mataccen jini. A lokacin hunturu a riƙa shafa man basilin a ƙofar hanci da leɓe domin kada su tsage.

Idan haɓo ya zo, majinyaci ya zauna ya sunkuyo gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci minti goma zuwa sha biyar ba tare da sakewa ana leƙawa ba. Ɗaga kai sama yana tura jinin maƙogwaro ne kawai. Maganin tiraneksamik asid yana taimakawa ga jinin hanci da na dasashi da na al'ada, a sha ko a jiƙa auduga a danna, amma idan jinin a fitsari yake sai da shawarar likita, saboda gudaji na iya toshe mafitsara. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo rana tsaka tare da amai ko rikicewa, alamun jini ne a ciki.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma wajibi ne a shirya masa, wato ɓallewar jini mai yawa da kan zama ajali cikin mintoci. Ba kowa yake samu ba, amma ga wanda ake jin masa tsoro, nas ta keɓe mai jinya mafi ƙarfin zuciya ta shirya shi. A tanadi tawul ko zannuwa masu duhun launi, shuɗi ko kore mai duhu, domin jini a kan farin ƙyalle yana ninka firgici. A kwantar da shi a gefe, a fitar da yara, a riƙe hannunsa ana yi masa magana. Idan akwai midazolam, maganin kwantar da hankali, da likita ya rubuta tun da wuri, a ba shi, amma kada a bar shi shi kaɗai a tafi neman magani.

Zazzaɓi

Kowane gida da ke jinyar mai sankarar jini yana buƙatar ma'aunin zafin jiki da wanda ya iya karanta shi. Idan zafi ya kai digiri 38, ko majinyaci ya kama rawar ɗari ko ya yi laushi ba dalili, a kira nas ko da tsakar dare ne. Al'adarmu ita ce a ce zazzaɓin cizon sauro ne a aika yaro kemis, kuma lalle ya kamata a yi gwajinsa, amma ga wanda ba shi da fararen ƙwayoyi, ƙwayar cuta a jini tana iya kashewa cikin sa'o'i, shi ya sa ƙa'ida ita ce a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isa asibiti, ba a jira sakamakon gwaji ba.

Rigakafin ba shi da tsada: wanke hannu da sabulu, tafasasshen ruwan sha, abinci mai zafi da aka dafa yanzu, gidan sauro. A haƙura da nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ganye da tsiren da ya wuni a buɗe. Dubiya hakki ce, kuma hana ta gaba ɗaya yana jefa majinyaci cikin kaɗaici, amma a sa wani babba a ƙofa ya riƙa shigar da mutane biyu-biyu, ya ba mai mura da tari da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau haƙuri su yi gaisuwa daga waje.

Baki yakan yi gyambo bayan kemo har ya hana ci. Kurkura da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi, bayan kowane abinci yana taimakawa, fararen tabo kamar guntun kindirmo kuma suna buƙatar maganin da ake kira nistatin. A rage yaji da tsami, a ba da kunu da fate da romo kaɗan-kaɗan.

Magana da majinyaci da danginsa

Kusan kullum wani daga cikin 'ya'ya zai tare nas a baranda ya ce, "Sista, don Allah kada a gaya wa Baba, hankalinsa zai tashi." Ƙauna ce ta sa shi faɗin haka, kuma musu da shi ba ya haifar da komai. Ta tambaye shi abin da yake tsoro, ta yi masa alkawarin ba za ta ɗora wa mahaifinsa labarin da bai nema ba, amma ta sanar da shi cewa ba za ta yi masa ƙarya ba idan ya tambaya. Sannan a gaban ɗan ta ce, "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Kana so a riƙa yi maka bayani kai tsaye, ko a yi wa yaranka?" Sau da yawa dattijon da ake ɓoye wa ya daɗe da sani, shi ma kawaici yake yi domin kada ya tayar wa iyalinsa hankali, alhali yana da bashi da amana da wasiyya da yake son ya sauke.

Idan aka tambaye ta saura kwana nawa, ta amsa cewa rai a hannun Allah yake, kuma gaskiya ce, amma kada ta fake a nan. Tana iya ƙarawa da cewa bisa ga abin da take gani, wanda yake son ganinsa daga nesa gara ya taho cikin makon nan. Tun yana cikin hayyacinsa a tambaye shi inda yake so ya kasance idan jiki ya rikice, ko a koma asibiti idan zazzaɓi ya sake zuwa ko a ba shi maganin sha a gida, a rubuta amsarsa, a sanar da likita da mai yanke magana a gidan. Maganar kuɗi ma a yi ta a fili, domin iyali su san abin da wani sabon zagayen kemo zai iya yi da abin da ba zai iya ba kafin su rabu da gona ko shanu.

Wanda ya nace sai ya yi azumi a tuna masa da rangwamen da Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara, kuma ya fi kyau malamin da ya yarda da shi ya faɗa masa. A ajiye masa abin taimama kusa da gado, a juya gadon ya fuskanci alƙibla idan da hali. Kirista kuma a kira masa fastonsa ko fada. Mai jinya ita ma a duba ta, a raba kwana tsakanin 'yan'uwa, domin mace ɗaya da ta yi wata biyu ba barci ba za ta iya auna mofin daidai ba.

Kwanakin ƙarshe

Alamun sun haɗa da yawan barci, ƙin abinci da ruwa, raguwar fitsari, sanyin hannu da ƙafa, da numfashi mai tsayawa yana dawowa. A wannan mataki nas ta nemi likita ya janye magungunan da ba su da sauran amfani, a daina huda jijiya domin gwajin da ba zai sauya komai ba. Dangi za su so ɗura masa kunu, domin ciyarwa ita ce hanyar da suka sani ta nuna ƙauna, amma wanda ba ya iya haɗiya shaƙewa zai yi. Sai a ba su wani aikin, su riƙa jiƙa masa leɓe da auduga, suna shafa masa mai, suna juya shi duk bayan 'yan sa'o'i. Ƙarin ruwa ta jijiya a wannan lokaci sau da yawa kumburi da majina kawai yake ƙarawa.

Ba a tsayar da mofin don mutum ya daina magana. Idan haɗiya ta gagara, ana ɗiga mai kauri kaɗan-kaɗan a gefen kumatu, ko a koma 'yar siririyar allura ta ƙarƙashin fata, a ba da kimanin rabin adadin na sha, a danne wurin sosai. Kakarin majina a maƙogwaro ya fi damun masu saurare a kan mai yin sa, kuma kwantar da shi a gefe ko allurar Buscopan kan rage shi. A gaya wa dangi su ɗauka yana jin su, su yi masa magana a hankali, su laƙƙana masa kalmar shahada ba tare da takurawa ba.

Bayan rasuwa nas ta cire duk wata roba da allura, ta danne wuraren da auduga ta naɗe, ta kuma sanar da masu wanka cewa jini na iya ci gaba da tsattsafowa daga hanci ko baki, su sa safar hannu su tanadi auduga. Cikin kwanakin zaman makoki ta je ta'aziyya ko ta buga waya, ta saurari tambayoyin da suka rage, musamman ta wanda yake zargin kansa cewa maganin da ya ba da na ƙarshe ne ya kashe, ta tabbatar masa cewa cutar ce. Ta karɓo ragowar mofin daga gidan, ta auna abin da ya saura a gaban shaida, ta shigar da shi a littafin magunguna, sannan ta kai rahoton yadda jinyar ta ƙare ga likitan jinin da ya fara ganin majinyacin.